Numfashi a Ƙarƙashin Ruwa: Tarihin Masu Ƙera Jirgin Nutso da Hannunsu

A kudancin birnin Landan, kan wani titi da ake kira Akerman, a gefen unguwar Kambawel, akwai wani dogon gini na kankare wanda ya kwanta a tsakiyar hanya, da bututu a samansa. Mutanen unguwar suna ce masa Jirgin Nutso na Kambawel, domin duk wanda ya hango shi sai ya ce jirgin ƙarƙashin ruwa ne ya ɓullo daga cikin kwalta. Ba jirgi ba ne, bai kuwa taɓa shiga teku ba. An gina shi a cikin shekarun 1970 don ya zama mashaƙar iska ga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, inda aka kafa tukwanen dafa ruwan da zai ɗumama gidajen da ke kewaye. Sunan na raha ne, amma ya faɗa kan gaɓa. Ko wuta ko mutum, duk wanda aka rufe a ɗaki yana bukatar hanyar da iska mai kyau za ta shiga, gurɓatacciya ta fita. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana iya miƙa bututu sama ya shaƙa. Jirgin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba shi da wannan gata, kuma a nan ne wahalar take.

Shekara 400 ke nan mutane suna fama da wannan wahala, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara tunkararta ba injiniyoyin gwamnati ba ne. A cikinsu akwai kafinta, da limamin coci, da ƙaramin soja, da malamin jarida. Wani abin sha'awa kuma shi ne, babban ɓangare na labarin ya faru ne a kan Kogin Tems da unguwannin da ke bakinsa, 'yan mil kaɗan daga Kambawel.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu san abin da ake fama da shi. Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin, watau iskar da jiki yake rayuwa da ita. Akwai kuma ɗan kaɗan ƙwarai na kabon-dayoksaid, wadda za mu riƙa kira iskar kabon don sauƙi. Mutumin da ke zaune ba ya aikin komai yana cin kimanin lita 15 ta oksijin a cikin awa guda, yana kuma fitar da kimanin lita 12 ta iskar kabon. To, a ce an rufe shi a cikin akwati mai ɗaukar lita 1,000. Cikin awa biyu da rabi iskar kabon za ta kai kashi 3 cikin 100, ya fara haki da ciwon kai. Bayan awa huɗu za ta kusa kashi 5, hankalinsa ya fara gushewa, alhali oksijin ɗin da ya rage yana wajen kashi 15, wanda bai kai ga kisa ba tukuna. Ashe ke nan ba ƙarewar iska mai kyau ce take fara kayar da mutum ba, taruwar mugunyar ce. Idan kuwa yana tuƙi da hannu, ko tsoro ya kama shi, lissafin zai ninka.

Abu na biyu shi ne matsi. Ruwa yana da nauyi, kuma duk nitson mita 10 yana ƙara matsin da ya yi daidai da na iskar duniya baki ɗaya, watau kimanin kilo guda a kan kowane ɗan fili mai faɗin farcen yatsa. Murfin jirgi mai faɗin santimita 50, a zurfin mita 10 kawai, yana ɗauke da nauyin kusan tan biyu. Wanda ya taɓa ganin mata suna kiɗan ruwa ya san asalin maganar. In aka kife ƙwarya a kan ruwa aka danna ta ƙasa, iskar cikinta ba ta fita, sai dai ruwa ya matse ta, ya ɗan hau ciki. Gwargwadon zurfi, gwargwadon matsewa.

Wanda tarihi ya fi yarda cewa shi ne ya fara tafiya da jirgi a ƙarƙashin ruwa shi ne Cornelis Drebbel, mutumin ƙasar Holan, wanda aka haifa a garin Alkmaar a shekarar 1572. Ya zo Ingila ya shiga hidimar Sarki James na Ɗaya a matsayin mai ƙirƙire-ƙirƙire. Tsakanin 1620 da 1624 ya ƙera jiragen katako waɗanda ya lulluɓe da fata mai maiƙo don kada ruwa ya shiga, ya gwada su a Kogin Tems a gaban jama'a. An ruwaito cewa mafi girmansu yana da matuƙa 12, yana tafiya a zurfin ƙafa 12 zuwa 15, kuma ya yi kusan awa uku a ƙasa tsakanin Wesminista da Girinic.

Yaya mutum 12 masu aikin ƙarfi suka yi numfashi tsawon wannan lokaci? A shekarar 1660 masanin kimiyya Robert Boyle ya rubuta abin da ya ji daga dangin Drebbel, cewa mutumin yana da wani ruwan magani a cikin kwalba, wanda in ya ga iskar jirgin ta lalace sai ya buɗe ta, iskar ta farfaɗo. Drebbel ya riƙe sirrinsa bai rubuta ba. Wasu masana na baya suna ganin gishirin albarushi yake gasawa, domin wannan gishiri yana fitar da oksijin in ya sha wuta. Wasu kuma suna ganin ruwan toka ne mai ƙarfi, wanda yake tsotse iskar kabon. Ko wanne ne, rundunar jiragen ruwan Ingila ba ta karɓi jirgin ba. Drebbel ya ƙare rayuwarsa yana riƙe da wani ɗan gidan shaye-shaye kusa da Gadar Landan, ya rasu a 1633.

Shi Boyle ɗin, tare da mataimakinsa Robert Hooke, ya ƙera famfon zuƙe iska, ya nuna cewa kyandir yana mutuwa, ɓera ma yana mutuwa, in aka janye iska daga kwalbar da aka sa su. A 1662 ya bayyana ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa: in aka ninka matsi, girman iska yakan ragu da rabi. Edmond Halley, wanda aka fi sani da tauraruwa mai wutsiya, ya yi amfani da wannan ilmi a 1691. Ya ƙera wani babban mazubi mai siffar ƙararrawa, buɗe ta ƙasa kamar ƙwaryar da muka ambata, mutane suna zaune a ciki. Sai ya riƙa saukar musu da gangunan iska masu nauyin darma, ana juye sabuwar iska ciki ta mesa, ana sakin tsohuwa mai ɗumi ta wani famfo a sama. Dabara ce mai kyau, sai dai tana bukatar jirgi a sama da mutane masu jan igiya.

Shekarar 1774 ta haɗa abubuwa biyu waɗanda ya kamata a tuna da su tare. A watan Yuni wani kafinta mai suna John Day ya gina ɗakin katako a cikin wani tsohon jirgi mai suna Maria, a mashigin Pilimot. Wani ɗan caca ne ya ba shi kuɗin, da nufin su ci riba in Day ya nutse ƙafa 100 ya yi awa 12 ya fito da rai. Ya shiga da kyandir da ruwan sha da ɗan biskit, aka rufe, aka nutsar da jirgin da duwatsu. Bai sake fitowa ba. Ana kyautata zaton nauyin ruwa ne ya farfasa ɗakin tun kafin iska ta zama abin damuwa. Shi ne mutum na farko da aka rubuta mutuwarsa a jirgin nutso. Bayan 'yan makonni, ranar 1 ga Agusta, Joseph Priestley ya tara hasken rana da madubi a kan wani jan gari na zaiba, ya sami wata iska wadda kyandir yake ci a cikinta da ƙarfin gaske. Ita ce wadda Bafaranshe Lavoisier ya raɗa wa suna oksijin. Tun kafin nan, a shekarun 1750, Joseph Black na Sikotlan ya gano iskar kabon, ya kuma nuna cewa ruwan farar ƙasa yana kama ta. Daga nan aka san sunan abokin da na maƙiyin.

Sanin abu daban, aiki da shi daban. Jirgin da David Bushnell ya ƙera a Amurka, wanda aka kai hari da shi kan jirgin yaƙin Ingila a tashar Niyok a watan Satumba na 1776, mutum ɗaya yake ɗauka, iskarsa kuwa ta rabin awa ce kawai. Robert Fulton, wanda ya yi wa Faransa jirgi mai suna Nautilus, ya lura cewa kyandir yana cin iska kamar mutum, sai ya sa 'yar tagar gilashi a maimakonsa. A 1801 ya shiga da tulun tagulla cike da matsattsiyar iska, yana sakinta kaɗan-kaɗan, ya yi fiye da awa huɗu a ƙasa. Amma wannan hanya tana da illa. Sakin iska a rufaffen ɗaki yana ƙara oksijin, amma ba ya cire iskar kabon ko kaɗan, kuma yana ɗaga matsin ɗakin.

Babu wanda ya fahimci sha'anin matsi a aikace kamar Wilhelm Bauer, wani ƙaramin sojan igwa na ƙasar Bavariya. Ranar 1 ga Fabrairu 1851 ya nutsa da jirginsa na ƙarfe a tashar Kiel ta Jamus tare da mutum biyu. Jirgin ya sulale, jikinsa ya lotsa, ya zauna a ƙasa a zurfin kimanin ƙafa 50. Murfin ya ƙi buɗuwa saboda nauyin ruwa. Bauer ya ce wa abokansa maganin shi ne a bar ruwa ya shigo, ya matse iskar ciki har matsinta ya yi daidai da na waje. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a gaya wa mutumin da ke tsoron nutsewa cewa cetonsa yana cikin shigowar ruwa. Suka yi kimanin awa shida suna jira, ruwa yana hawa, sa'an nan murfin ya buɗe, iskar ta tunkuɗo su sama, duka ukun suka tsira. An tsamo jirgin a 1887, yana ajiye a gidan tarihin soja na Dresden.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar tsabtace iska da gaske shi ne Narcís Monturiol na ƙasar Sifen, mutumin da ya karanta shari'a ya kuma yi aikin jarida. Wahalar masu nutso don tsinko murjani a gaɓar Cadaqués ita ce ta sa shi tunanin jirgin da zai sauƙaƙa musu. Jirginsa na farko, Ictíneo, ya shiga ruwa a 1859. Monturiol ya riƙa tura iskar ɗakin ta cikin ruwan farar ƙasa don ya kama iskar kabon. A jirginsa na biyu ya haɗa wasu magunguna masu ba da zafin tafiyar da inji, suna kuma fitar da oksijin. Kuɗi suka ƙare, aka sayar da jirgin a matsayin tarkace a 1868. A Amurka kuwa, a lokacin yaƙin basasa, matuƙan jirgin Hunley da kyandir suke auna iskarsu. Ɗaya daga cikinsu ya ba da labarin gwajin da suka yi: kyandir ya mutu bayan minti 25, su kuwa suka daure har awa biyu da minti 35 a cikin duhu.

Labarin ya sake komowa Landan a 1878, lokacin da Henry Fleuss, wanda ya yi aiki a jiragen ruwan kasuwanci, ya yi rajistar wata na'ura ta numfashi. Mutum yana shaƙa daga jakar roba, numfashinsa yana ratsa zaren igiya wanda aka jiƙa da ruwan toka mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake yin sabulun salo da shi, ana kuma ƙara oksijin daga tulun tagulla. A 1880, da ruwa ya cika ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin Kogin Severn, wani gwanin nutso mai suna Alexander Lambert ya goya wannan na'ura, ya yi tafiyar kimanin ƙafa 1,000 a cikin duhu, ya rufe ƙofar ƙarfen da ruwa yake bi. Kamfanin Siebe Gorman, wanda a wancan lokacin masana'antarsa take a Lambet, kimanin mil biyu daga Kambawel, shi ya ci gaba da kyautata na'urar, har Robert Davis ya mai da ita kayan tserewa daga jirgin da ya nutse.

A wannan zamani ne kuma wani matashin limamin coci a Manchesta, George Garrett, ya ƙera jirginsa Resurgam a 1879. Da tururi yake tafiya. Kafin a nutsa sai a rufe wutar, a yi tafiya da zafin da ya taru. Amma hayaƙin gawayi yana sulalowa cikin ɗakin, ga zafi kamar tanda. Jirgin ya nutse a watan Fabrairu na 1880 ana jansa a gaɓar Wales, babu kowa a ciki, ba a kuma gano shi ba sai 1995. Simon Lake na Amurka ya fi shi sa'a. A 1894 ya harhaɗa wani ɗan jirgi na katako mai ƙafa 14, da ƙafafun gungurawa a ƙasan ruwa. Tulun gas na shagon sayar da lemo ya samo, yana cika shi da famfon hannu irin na masu gyaran famfo. In ya sauka ƙasa sai ya saki iska har matsin ciki ya yi daidai da na ruwa, ya buɗe ƙofa ta ƙasa, ruwa bai shiga ba, ya miƙa hannu ya tsinci kawa.

Daga nan jiragen nutso suka rabu gida biyu, kuma har yau haka suke. Akwai irin na Lake, wanda matsin cikinsa yake bin na ruwa. Ba ya bukatar jiki mai kauri, amma mutumin ciki daidai yake da mai nutso: jininsa yana shan naitirojin, in ya taso da sauri sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa kamar lemon kwalba da aka buɗe, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Akwai kuma mai jikin ƙarfe, wanda yake tare nauyin ruwa, cikinsa yana nan da matsin da muka saba a doron ƙasa. Likita John Scott Haldane shi ya warware asirin duka biyun. A 1905 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa yawan iskar kabon a jini ne yake sa mutum jin bukatar numfashi. Wannan yana nufin in aka tsotse iskar kabon aka manta da ƙara oksijin, mutum zai suma ba tare da ya ji wani gargaɗi ba. A 1908, bayan gwaje-gwaje da awaki a Cibiyar Lister da ke Landan, ya fitar da jadawalin tsayawa mataki-mataki yayin tasowa. Shi ne kuma ya ba da shawarar shiga da ƙananan dabbobi cikin ramin haƙar kwal. Jiragen nutso na farko na rundunar Ingila, waɗanda aka fara a 1901, da fararen ɓeraye suke tafiya don gane hayaƙin man fetur.

Darasi mafi ɗaci ya zo ranar 1 ga Yuni 1939. Sabon jirgin yaƙi mai suna Thetis ya fita gwaji a mashigin Libaful da mutum 103, kusan ninki biyu na ma'aikatansa. Ruwa ya cika ɗakuna biyu na gaba, saboda haka ga mutane sun yi yawa, ga wurin iska ya ragu. Wutsiyar jirgin tana waje ana ganinta, amma mutum huɗu kaɗai suka tsira, 99 suka mutu. Ɗan Haldane, watau J. B. S. Haldane, ya shiga wani ɗakin ƙarfe a masana'antar Siebe Gorman ta Lambet, ya sa aka rufe shi fiye da awa 14 don ya ɗanɗana abin da mutanen suka ɗanɗana. Ya fito da amai da matsanancin ciwon kai, ya shaida wa masu bincike cewa iskar kabon tana ɗauke wa mutum tunani da ƙarfin hannu tun kafin ta kashe shi, har ya kasa aikin da zai cece shi.

Shekarar 1973 ta nuna fuska biyu ta wannan al'amari a ƙananan jirage. A watan Yuni jirgin bincike Johnson Sea Link ya sarƙe a tarkacen wani jirgi kusa da Key West ta Amurka. Mutum biyu da ke ɗakin baya suka mutu, domin sanyi ya rage ƙarfin maganin da ke tsotse iskar kabon. Biyun da ke ɗakin gaba suka rayu. A ƙarshen Agusta kuma, jirgin Pisces na Uku, wanda yake aikin binne wayar tarho a teku kudu maso yamma da Ailan, ya faɗa zurfin mita 480 da mutum biyu, Roger Chapman da Roger Mallinson, a cikin ƙwallon ƙarfe mai faɗin ƙafa shida. Mallinson ya riga ya sauya tulun oksijin da cikakke kafin su tashi. Suka kashe fitilu, suka kwanta shiru, ba magana sai ta dole, suna kunna matatar iska jefi-jefi, suna haƙuri da ciwon kai. Bayan awa 76 aka ciro su ranar 1 ga Satumba, saura oksijin na minti 12.

A cikin waɗannan shekaru ne George Kittredge, tsohon kwamandan jirgin nutso na rundunar Amurka, ya fara ƙera ƙananan jirage a jihar Maine, yana kuma sayar da zanensu ga masu son su haɗa da kansu a gida. Tsarin da irin waɗannan jirage suke bi jikan na Monturiol da Fleuss ne. 'Yar fanka tana tura iskar ɗaki ta cikin gwangwani mai ɗauke da tsakuwar sodalaim, wadda take kama iskar kabon. Tun da an cire wani abu daga iskar, matsin ɗakin zai fara sauka. Sai a saki oksijin daga silinda daidai gwargwadon abin da jiki ya ci, matsin ya koma inda yake. Saboda haka ma'aunin matsin iska, watau baromita, ya zama idon matuƙi. In allura ta sauka, oksijin bai isa ba. In ta hau, ko oksijin ya yi yawa, ko matata ta gaji, ko kuwa wata silinda tana yoyo a cikin ɗaki. Wasu sukan sa wata 'yar zuga-zugi wadda take buɗe bawul da kanta in matsi ya ragu.

Amma baromita kaɗai ba ta isa shaida ba. Sanyin ruwa yana sa matsi ya sauka, ɗumin jiki yana sa ya hau, kuma yoyon iska yana iya rufe ƙarancin oksijin, allura ta tsaya cik alhali mutum yana gab da suma. Shi ya sa ake sa na'urar auna oksijin daban, ta iskar kabon daban. Yawan oksijin ma masifa ne, domin in ya wuce kima sai tufafi da maiƙo su kama wuta da ɗan tartsatsi, kamar yadda ya faru da 'yan sama jannati uku na kumbon Apollo a 1967. Matsin da ya taru a ciki kuwa yana iya fizge murfi da ƙarfi in an taso, ya ji wa mutum ciwo, ko ya fasa masa dodon kunne. Don haka ake daidaita matsin ciki da na waje ta ƙaramin bawul kafin a taɓa murfi.

Mu a Afirka ta Yamma mun ga wannan ilmi a aikace a watan Mayu na 2013, lokacin da jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife a gaɓar Nijeriya ya zauna a zurfin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya sami wani ɗan lungu inda iska ta maƙale, kamar a ƙwaryar da aka kife, ya yi kimanin awa 60 a ciki. A wannan zurfi iska ta matsu ninki huɗu, don haka ɗan wurin ya ƙunshi oksijin fiye da yadda ido zai zata. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sama kai tsaye ba, domin jininsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya yi kwanaki a ɗakin sassauta matsi, bisa ƙa'idar da Haldane ya shimfiɗa tun 1908. Shekara goma bayan haka, ranar 18 ga Yuni 2023, jirgin Titan ya tafi kallon tarkacen Titanic a zurfin kimanin mita 3,800 da mutum biyar. Duniya ta yi kwanaki tana ƙirga awa 96 na oksijin da aka ce yana da shi, alhali ruwa ya riga ya murƙushe shi tun ranar farko. Babu wata hukumar tantance jirage da ta ba shi shaidar inganci. Abin da ya ci John Day a 1774 shi ya ci su.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi da jirgin nutso? Da farko dai, ƙasarmu ba ta rasa masu basirar hannu ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya kai duro biyu da injin walda bakin dam ɗin Tiga. Irin wannan matashi ya cancanci ƙarfafawa, ya kuma cancanci a gaya masa gaskiya: haɗa ƙarfe shi ne ɓangare mai sauƙi. Na biyu, rijiya mai zurfi, da ramin haƙar zinariya, da tankin mai, da ɗakin da aka toshe da garwashi a lokacin hunturu, dukkansu jirgin nutso ne a wajen huhu. Masu ginin rijiya da suke zura fitila kafin su sauka suna bin hanyar matuƙan Hunley, kuma dabara ce mai amfani, domin wuta tana mutuwa kafin oksijin ya yi ƙarancin da zai kayar da mutum. Sai dai fitila ba ta ganin kabon-monoksaid, watau gubar hayaƙin janareta da injin ban ruwa da gawayi, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Fitila tana iya ci sarai a ramin da wannan guba ta cika. Don haka injin da ke ƙona mai a waje ake barinsa, nesa da bakin rami, wanda zai sauka a ɗaura masa igiya, kuma in ya faɗi kada na sama ya bi shi da gaggawa ba tare da an kaɗa iska a ramin ba. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku ta masu ceto ce.